Injin CNC na haɗin gida: Arduino ne ya kamata ya zo ƙarshe a lissafi

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan bidiyon ba. An ɗaure falanki a kan tebur, wani ƙarfe mai juyawa yana yawo a kansa shi kaɗai, garin katako na tashi, kafin daƙiƙa 30 sai ga fure ko sunan mutum ya fito tsaf kamar an buga hatimi. Wannan shi ne injin CNC mai sassaƙa katako, wanda ake kira rawta. Sunan ya zo ɗaya da na akwatin nan mai raba intanet a gida, amma babu abin da ya haɗa su. Wannan na kafinta ne, kwamfuta ce kawai take riƙe masa hannu.

Bidiyon da ke biye da shi yawanci na wani ne da ya haɗa nasa injin a gareji, yana nuna allon Arduino da 'yan wayoyi, yana cewa kowa ma zai iya. Gaskiya ya faɗa, ana iyawa. Sai dai matashin da ya kalli wannan a Kano ko Damagaram, abin da zai fara yi shi ne buɗe AliExpress ya zuba Arduino da motoci uku a kwando. Daga nan matsalar take farawa. Kayan lantarkin su ne mafi sauƙi kuma mafi arha a duk aikin. Abin da ke raba injin da ke kawo kuɗi da wanda ke zama matattarar ƙura a lungun ɗaki abu huɗu ne: sanin aikin da za a yanka, ƙarfin gangar jikin injin, wutar da za ta riƙe shi, da iya zana aikin a kwamfuta. Wanda bai warware waɗannan a takarda ba, bai kamata ya fitar da ko naira ɗaya ba.

Yadda injin yake aiki

Injin yana da hanyoyin tafiya uku. X shi ne hagu da dama, Y gaba da baya, Z kuma sama da ƙasa. Kowace hanya tana da motarta, wadda ake kira sitefa, wato mota mai taku. Ba ta juyawa kara zube kamar fanka, taku-taku take yi, kuma yawancinsu taku 200 ne ke cika zagaye ɗaya. Allon sarrafawa yana ƙirga takun, ta haka yake sanin inda bakin yanka yake.

Umarnin da allon yake bi shi ne G-code, rubutu ne zalla da za a iya buɗewa a waya a karanta. Layi kamar G1 X100 Y50 F800 yana nufin a tafi a miƙe zuwa milimita 100 a X da 50 a Y, da gudun milimita 800 a minti ɗaya. G0 tafiya ce da sauri ba tare da yanka ba, G2 da G3 na lanƙwasa ne, M3 ya kunna motar yanka, M5 ya kashe ta.

Dabarar ta daɗe. A ƙarshen shekarun 1940 wani Ba'amurke mai suna John Parsons ya yi amfani da na'urar lissafi mai katin huji wajen fitar da ma'aunin fukafukin jirgi mai saukar ungulu. Rundunar sojin saman Amurka ta zuba kuɗi a binciken, a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin yankan ƙarfe mai karɓar umarni daga tef ɗin takarda mai huji. Shekaru da dama bayan nan, sai manyan masana'antu ne ke iya mallakar irinsa.

Abin da ya sa kowa ke fara da lantarki

Abin da ya sauko da injin zuwa gareji shi ne arhar allon sarrafawa. An fara Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005. A 2009 wani ɗan Norway, Simen Svale Skogsrud, ya rubuta manhajar GRBL, wadda ke mayar da ƙaramin Arduino ƙwaƙwalwar injin CNC, ya kuma sake ta kyauta. Daga baya Sonny Jeon ya ci gaba da raya ta har zuwa zubi na 1.1 da aka fi amfani da shi. Yanzu kuma akwai FluidNC mai hawa allon ESP32, wanda ke da Wi-Fi a jikinsa, ta yadda mutum zai buɗe burawzar wayarsa ya tura injin hagu da dama da yatsa.

Ga wanda ya saba taɓa waya da kwamfuta, wannan ɓangaren ne mai daɗi. Cikin yamma ɗaya zai ɗora GRBL a kan Arduino Uno, ya jona direban A4988, ya ga mota tana juyawa a kan tabarma. Zai ji kamar ya ci rabin aiki, alhali ko kashi ɗaya cikin goma bai yi ba. Dubban mutane sun riga sun warware matsalolin wannan ɓangare, amsoshin suna nan a intanet. Amma babu wanda zai warware masa faɗin ɗakinsa, ko irin ƙarfen da ke kasuwar garinsu, ko awa nawa unguwarsu ke samun wuta.

Akwai kuma hasara ta zahiri. Girman injin ne ke faɗar girman motar da za a saya, motar kuma ita ke faɗar direban da zai ɗauke ta. Wanda ya fara sayen motocin NEMA 17, masu faɗin fuska milimita 42, da direbobin A4988, sannan daga baya ya gano injin da yake so yana da nauyin da sai NEMA 23 mai milimita 57 da direba irin DM542, to ya yi sayayya sau biyu. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, kuskure a kan kayan da ake saye da dala ba ƙaramin ciwo ba ne.

Tambayar farko: me za a yanka?

Kafin komai, mai niyyar haɗa inji ya rubuta abubuwa biyar da yake son injin ya riƙa yi, da tsawonsu da faɗinsu da kaurinsu. Idan ya kasa rubuta biyar, alama ce sha'awar bidiyo ce ke jansa, bai kai ga aiki ba tukuna.

Aikin kuwa akwai shi. Akwai allon sunan shago da na ofis, lambar gida, kyaututtukan biki da na saukar karatu, rubutun Larabci na ado da ake ratayewa a falo, alamar Arewa a jikin tire ko agogon bango, adon ƙofar kabad da na kan gadon amarya. Kowanne da irin injin da yake buƙata. Maƙalin makulli na roba ba ya wuce tafin hannu. Kan gado kuwa ya kai ƙafa shida.

Hanya mafi arha ta gano gaskiya ita ce a taka a je wurin kafintoci. A zauna a shagon mai haɗa kayan ɗaki, a tambaye shi wane ado ne yake kai wa masu babban inji su yanka masa, nawa yake biya, kwana nawa yake jira. A leƙa 'yan katako na Na'ibawa a Kano ko kasuwar Katako ta Yamai a ga irin allunan da ake samu da kaurinsu. Kafintan da ya shekara 20 yana aiki ya san yadda kowane katako ke tsagewa da inda yake cin baki, kuma wannan ilimin babu shi a cikin GRBL. Shi ne kuma zai zama abokin ciniki na farko idan injin ya tashi.

Girma ne ke kayar da mutane

Kusan duk wanda ya fara tsara inji, burinsa ya ɗauki cikakken allon filawud, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, wato milimita 1220 da 2440. Dalilinsa mai kyau ne, don a nan manyan ayyuka suke. Amma akwai lissafin da ba ya jin lallashi.

Motar yanka tana rataye ne a jikin wata gada da ta ratsa faɗin tebur. Duk lokacin da baki ya shiga katako, katakon ma yana ture shi, gadar sai ta ɗan lanƙwashe. Lanƙwasar ba ta ƙaruwa daidai da tsawo. Idan aka ninka tsawon gada sau biyu da ƙarfe iri ɗaya, lanƙwasar za ta ninku sau 8. Gadar da ta tsaya ƙyam a santimita 60, idan aka ja ta zuwa 120 za ta riƙa rawa, baki ya riƙa kuka, gefen aiki ya fito da tsaga-tsaga, da'ira ta koma kamar ƙwai.

Kauri ma haka yake, sai dai shi yana taimako ne. Sandar ƙarfe mai kaurin milimita 16 ta fi mai milimita 8 ƙin lanƙwasa sau 16. Baƙin ƙarfe kuma ya fi alminiyom tauri kusan sau uku idan girmansu ɗaya.

Wannan ne ya sa labarin Afate Gnikou yake buƙatar a karanta shi da lura. A 2013, a cibiyar WoeLab da ke Lome ta ƙasar Togo, ya haɗa na'urar buga abubuwa ta 3D da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintoci, abin da ya ja hankalin duniya. Abin alfahari ne, kuma ya nuna ana iya ƙirƙira da kayan bola. Amma na'urar 3D narkakkiyar roba take ajiyewa, babu abin da ke ture ta. Siraran sandunan firinta da suka ishe ta, idan aka ɗora musu motar yanka aka tura cikin katako, lanƙwashewa za su yi nan take.

A nan mutanen wannan yanki suna da sa'a. Ƙarfe mai kusurwa huɗu da ake yin ƙofa da taga da shi yana nan jibge a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, kuma kusan kowace unguwa akwai mai walda. Akwai tsarin inji na kyauta mai suna PrintNC da aka gina a kan irin wannan ƙarfe. Abin lura shi ne huda ƙarfen ake yi a ɗaure da noti. Zafin walda yana murɗe ƙarfe, murɗewar da ido ba zai gani ba amma dogon da gada ke gudu a kai zai ji ta. Mai walda ya yi teburin da inji zai zauna, sassan da ke buƙatar daidaito kuma a ɗaure su da noti, yadda za a iya kwancewa a gyara.

Gangar jiki ta katako ko MDF tana yiwuwa, mutane da yawa sun yi. Amma MDF na kumbura da damina, katako kuma na ƙanƙancewa da hunturu. Injin da aka daidaita a watan Agusta zai buƙaci sabon saiti a Janairu.

Don haka injin farko kada filin aikinsa ya wuce kamar santimita 60 da 60, ko 60 da 90. Dogon aiki irin kan gado ana iya zura shi ta cikin ƙaramin inji a yanka kashi-kashi, manhajoji da dama sun tanadi hakan. Da rarrafe yaro kan tashi.

Lissafin da ake yi da kalkuletar waya

Abu na gaba shi ne me zai mayar da juyawar mota ta zama tafiya. Zaɓi uku aka fi yi: bel mai haƙora, doguwar sukuru, ko sukuru mai boris a cikin notinta. Mai neman arha yakan ce zai yi amfani da doguwar sandar noti da ake sayarwa a shagon kayan gini. Lissafi kaɗan zai nuna masa abin da zai tarar.

Bakin yanka yana so ya riƙa ɗebo katako ɓarɓashi-ɓarɓashi. Idan yana tafiya a hankali alhali yana juyawa da sauri, goga yake yi, sai ya yi zafi, ya ƙona katakon, ya dakushe. Ƙa'idar ita ce a ninka juyin mota a minti da yawan haƙoran baki da kaurin abin da kowane haƙori zai ɗebo. Baki mai haƙora 2 da ke juyi 18,000 a minti, kowane haƙori na ɗebo milimita 0.05, yana buƙatar tafiyar milimita 1,800 a minti.

Sandar noti ta M8 milimita 1.25 kawai take tafiya a zagaye ɗaya. Kafin ta ba da wannan gudu, sai sitefa ta yi juyi 1,440 a minti. Sitefa kuwa ƙarfinta raguwa yake yi sosai idan gudu ya ƙaru, doguwar siririyar sanda kuma a wannan gudun bulala take komawa. Sukurun T8 mai tafiyar milimita 8 juyi 225 kawai take buƙata. Mai boris ta SFU1605, mai tafiyar milimita 5, juyi 360. Ga kuma lako-lako: notin kasuwa yana da 'yar rata tsakaninsa da sanda, duk lokacin da inji ya juya baya sai ya ɓatar da wani abu kafin ya kama. Araha ba ta ado.

Da irin wannan lissafin ake saita GRBL. Mota mai taku 200, an raba kowane taku gida 16, a kan sukuru mai tafiyar milimita 8, ya ba da taku 400 a kowace milimita. Bel na GT2 da kan mota mai haƙora 20 ya ba da 80. Wannan adadin ake rubutawa a $100 da $101 da $102. Wanda ya iya fitar da shi da kansa kafin ya sayi kaya, ya san abin da yake saye.

Wuta: abin da bidiyon Turawa ba ya faɗa

Mai bidiyo a Jamus ba ya tunanin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki. A nan kuwa shi ne abin tunani na farko. Sassaƙa mai zurfi tana iya cin awa biyu ko uku, sitefa kuma ba ta da ido, ƙirge kawai allon yake yi. Da zarar NEPA ta ɗauke, ƙirgen ya tafi. Idan babu makunnan iyaka da injin zai koma ya taɓa don ya gane mafarinsa, to allon da aka saya da tsada ya zama na hura wuta. Makunnan ba su da tsada, GRBL kuma na da umarnin $H na komawa gida. Dole su shiga tsari tun farko, kuma a riƙa rubuta inda aka kafa sifirin kowane aiki a littafi.

Sai a tara nauyin wutar. Ƙaramar rawtar hannu irin Makita RT0700C tana cin wat 710. Akwatin wutar motoci a ce wat 360. Injin zuƙe ƙura yakan haura wat 1,000. An riga an wuce kilowat 2 ke nan, ba a sa kwamfuta da fitila ba. Ƙaramin janaretan da ake kunna fanka da talabijin ba zai ɗauka ba. Wanda kuma ke mafarkin babbar motar yanka mai kilowat 2.2, ya fara duba inbatarsa ko janaretansa tukuna.

Akwai tarko biyu da ya kamata a sani. Na farko, idan aka jona allon sarrafawa a UPS aka bar motar yanka a wutar gari, ranar da aka ɗauke wuta bakin zai tsaya amma injin zai ci gaba da jansa cikin katako har ya karye. Ko dai su zauna a layi ɗaya, ko a tanadi abin da zai tsayar da tafiya da zarar wuta ta tafi. Na biyu ya fi haɗari. Rawtar hannu da yawa makunninsu a kunne yake zama, idan aka dawo da wuta tashi suke yi da kansu, wataƙila a daidai lokacin da mutum ya sa hannu yana duba baki. Akwai makunni mai maganaɗisu da ke sakin kansa idan wuta ta ɗauke, ba ya komawa sai an danna. A ƙasar da wuta ke zuwa ba sallama, wannan makunnin wajibi ne, shi da babban jan maɓallin tsayar da komai a inda hannu zai kai.

Mai sayen na hannu kuma ya karanta jikin inji. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230, ta Amurka kuwa 120. Rawtar gwanjo da ta fito daga can, idan aka soka ta kai tsaye, hayaƙi za ta yi.

Ƙura da ƙara

Gida a nan ba gareji ba ne da ke can gefe. Tsakar gida ce da yara ke wasa, ana girki, ana shanya. Tun 1995 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji a jikin ɗan Adam, musamman a hanci. MDF kuma da gam mai sinadarin fomaldihaid ake manne shi, garinsa laushi ne da shi kamar fulawa, yana daɗewa a iska. Takunkumin yadi irin na lokacin korona ba ya tare shi. Ana buƙatar takunkumi mai matata, da tabarau, da bututun zuƙe ƙura a bakin injin.

Ƙarar rawta kuma ta wuce desibel 85 da masana lafiyar ma'aikata suka sa a matsayin inda kunne ke fara cutuwa idan aka daɗe. Mai inji zai toshe kunnensa, maƙwabci fa? Wanda yake zaune a gidan haya ko gidan gado, ya nemi yardar mutanen gidan kafin ya sayi ƙarfe. Kuma ba a barin inji yana yanka a tafi masallaci ko a koma ɗaki kallon ƙwallo. Baki ya maƙale wuri ɗaya yana juyawa cikin garin katako, gobara ce. A tsayar da aikin, a dawo a ci gaba.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Injin ba ya ƙirƙirar komai. Abin da aka zana masa yake bi, kuskure ma yana binsa da biyayya. Aikin mataki uku ne: a zana, a fitar da hanyar da baki zai bi da zurfinta da gudunta, sannan a tura wa inji. Matakai biyun farko ba sa buƙatar inji kwata-kwata.

Inkscape kyauta ce, ta isa zanen rubutu da ado. FreeCAD ma kyauta ce, zubinta na 1.0 ya fito a Nuwamban 2024, tana kuma da sashen fitar da G-code. Fusion ta kamfanin Autodesk tana da ta kyauta, amma an ware ta ne don amfanin kai, wanda zai yi kasuwanci ya karanta sharuɗɗan. Manhajar CAMotics tana nuna yadda yankan zai kasance a fuskar kwamfuta, shafin NC Viewer kuma yana buɗe G-code a burawza. Waya tana iya tura aiki ta Wi-Fi ko Bluetooth ko wayar OTG, amma zane na gaske sai da kwamfuta, ko da tsohuwa ce.

Gwajin da ya dace kowa ya yi wa kansa shi ne wannan. Ya zana ɗaya daga cikin abubuwa biyar ɗin nan da ya rubuta, ya fitar da fayil ɗinsa, ya kai wa masu babban injin CNC a gari su yanka masa ya biya, sannan ya gwada sayarwa. Da kuɗi kaɗan zai gane ko ya iya zane, ko akwai mai saye, da kuma ko yana son aikin. Idan wata guda na zama gaban FreeCAD ya gundure shi, ya tsira da kuɗinsa.

Masu ganin akasin haka

Wasu za su ce wannan duk jan rai ne, da taɓawa ake koyo, a sayi kaya a fara. Akwai gaskiya a ciki. Mai son koyo kawai zai iya sayen ƙaramin inji na 3018, mai filin aiki santimita 30 da 18, wanda ke zuwa a kwali a haɗa. Zai koya masa GRBL da kafa sifiri da karya baki mai arha. Makaranta ce mai kyau. Abin da bai kamata ba shi ne ya karɓi kuɗin ƙofa a hannun mutane yana dogaro da shi.

Wasu kuma za su ce kuɗin yana wurin babban inji, ƙarami ɓata lokaci ne. Su ma ba su yi ƙarya ba. Amma wanda bai taɓa daidaita gada mai santimita 60 ba, ba zai daidaita mai 130 ba. Ga masu son cikakken allo da kuɗi kaɗan akwai tsare-tsaren da aka riga aka gwada, irin LowRider na kamfanin V1 Engineering da Maslow da aka fara a 2016. Bin tsarin da ɗaruruwan mutane suka gina suka gano kurakuransa ya fi ƙirƙiro sabo a karon farko. Kuma idan niyyar kasuwanci ce zalla, jari kuma akwai, sayen injin masana'anta ya fi haɗawa. Haɗin gida ribarsa ita ce mai shi ya san kowane noti, ranar da ya lalace ba ya jiran injiniya daga Legas.

Tsarin da ya dace

Jerin a taƙaice shi ne: a rubuta ayyukan da za a yi, a koyi zana su, a gwada kasuwarsu da injin wani. Sannan a zaɓi girma mafi ƙanƙanta da zai ɗauke su, a auna ɗaki, a lissafa wuta. Daga nan a zaɓi tsarin gangar jiki da dogo da sukuru, a fitar da nauyi, nauyin ya faɗi mota, motar ta faɗi direba. A ware kaso na musamman don bakunan yanka, da ma'aunin kauri, da sikwaya mai kyau, da kayan kariya, da kuɗin dakon kaya da na kwastan, don su ne ake mantawa. Allon sarrafawa shi ne layin ƙarshe a takardar, kuma a lokacin zaɓensa ba zai ɗauki minti goma ba.

Ranar da injin ya tashi, aikin farko kada ya zama fure don a ɗora a TikTok. A yanka murabba'i mai milimita 100 da da'ira a cikinsa, a auna ɓangarorin huɗu da kusurwa zuwa kusurwa. Idan awon ya fito daidai, an samu inji. Idan bai fito ba, amsar tana cikin takardar da aka rubuta ko aka ƙi rubutawa watanni kafin nan. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.